Adakar Marigayi: Ina Iyakar Riba Tsakanin Maƙwabta?

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina riƙe da wani ɗan shago na tsofaffin littattafai a Damagaram, ba nisa da Kasuwar Dole. Shagon bai fi ɗakin gwauro girma ba: kanta uku na katako, benci ɗaya, da teburin da nake fitarwa bakin ƙofa idan rana ta yi sanyi. Kafin in samu shagon, a ƙasa nake baza kayana bisa leda, irin sana'ar nan da ƴan boko ke kira librairie par terre, wato kantin littafi na ƙasa. Na kawo wannan ne don mai karatu ya san daga inda nake magana. Tambayar da nake son mu tattauna a bakin ƙofar shagona ta iske ni, bisa amalanke, wata ranar Alhamis.

Ga tambayar: idan mutum ya kawo maka kayan sayarwa, kai ka san darajarsu, shi bai sani ba, wajibi ne ka faɗa masa? Ko kuwa saninka jarinka ne, kana da damar cin ribarsa ka yi shiru?

Akwai wani dattijo, malamin makaranta mai ritaya, da ya mayar da bencin shagona wurin zamansa na bayan la'asar. Ya koyar a makarantun gwaji masu karantar da yara da Hausa, waɗanda aka fara a nan Damagaram a 1973, kuma har ya tsufa bai daina bin diddigin kalmomi ba. Ba ya yawan saye, amma ya koya mini abubuwa da yawa game da littattafan da nake sayarwa. Da Allah ya yi masa rasuwa, bayan matarsa ta fita takaba, sai ga ta tafe da autansu, yaro ɗan shekara goma sha huɗu, mai amalanke na biye da su da wata tsohuwar adakar ƙarfe.

Ta ce, "Malam, ga kayan abokinka. Ni ban san kansu ba. Ka duba, duk abin da ka ga ya dace ka ba mu. An kusa buɗe makaranta, yaron nan kuwa ko alƙalami ba shi da shi."

Na ce, "Hajiya, Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta. Zauna ga benci in duba."

Yawancin abin da ke cikin adakar irin wanda na saba gani ne. Akwai Mamadou et Bineta da ya sha hannu har ya yi laushi, da littattafan lissafi na tsohon tsarin karatu da babu mai neman su yanzu, da Sarraounia na Abdoulaye Mamani, da Magana Jari Ce babu bango. Can ƙasa sai na taɓo wani abu mai nauyi naɗe cikin tsohuwar atamfa. Da na kwance, sai ga ƙamusun Bargery na Hausa da Ingilishi, bugun farko na 1934, mai shafi sama da 1,200, gara ba ta taɓa shi ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta sake buga shi a 1993, amma bugun farkon masu bincike da masu tara littattafai na neman sa ido rufe. Gabana ya faɗi. Na ɗaga kai na dubi Hajiya, hankalinta na wajen yaronta. Sai na ɗora ƙamusun bisa tarin sauran kamar ba komai ba, na ce duka na saya jaka ashirin, wato sefa 20,000. Ba ta ce albarka ba, ba ta nemi ƙari ba. Godiya ma ta yi ta yi mini, tana cewa ba ta zaci za su kai haka ba.

Bayan wata biyar, ta hannun wani abokina a Yamai, na sayar da ƙamusun shi kaɗai jaka ɗari da ashirin.

Ban yi wa Hajiya ƙarya ba, ko kalma ɗaya. Kuma duk wanda ya san wannan sana'a zai iya kare ni da hujjoji masu ƙarfi. Bari in kawo su yadda na riƙa kawo wa kaina su a waɗancan watanni, domin ba hujjojin banza ba ne.

Ta farko, mai sayen tsofaffin littattafai a dunƙule yake saye, a dunƙule kuma yake ci ko ya faɗi. A cikin littafi ɗari da zan saya, idan talatin suka fita cikin shekara na gode Allah. Sauran kwantai suke yi, ga ƙurar hunturu, ga ɗigar damina, ga gara. Idan aka sauya tsarin karatu, kanta guda kan zama takardar ƙunshi a dare ɗaya. Cinikin kirki kuwa sau ɗaya yake zuwa a shekara, lokacin buɗe makarantu a watan Oktoba, amma mai shago kuɗin hayarsa yake nema kowane wata. Littafi ɗaya mai tsada da zai faɗo maka jefi-jefi shi ne ke biyan asarar saba'in ɗin nan. Idan duk wanda ya yi daraja za a ware shi a biya shi daban, wa zai biya ni kuɗin tarkacen da na kwasa don kunya?

Ta biyu, sanin nan ba kyauta na same shi ba. Shekaru na yi ina kuskure, ina sayen abin da ba ya fita, ina sayar da mai tsada a banza, kafin idona ya buɗe. Likita na cin abinci da saninsa, makaniki haka, mai awon zinariya haka. Idan sanin littafi ba zai ciyar da mai shi ba, babu wanda zai ɓata ƙuruciyarsa wajen koyon sa. Ranar da babu masu irin wannan sani a gari, ƙamusun Bargery wajen mai ƙosai ko mai gyaɗa zai ƙare, a riƙa yagar sa shafi-shafi ana ƙunshi. Na sha ganin haka da idona.

Ta uku, sana'ar tana da amfani ga talaka, saboda haka bai kamata a ɗora mata nauyin da zai kashe ta ba. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi: faran ɗin Faransa ɗaya da ake canzawa sefa 50 ya koma sefa 100. Littattafan makarantunmu galibi daga waje ake shigo da su, sai kuɗinsu ya yi tashin gwauron zabi. Iyaye da yawa tun daga lokacin wajen masu tsofaffin littattafai suke samun abin da yaransu za su karanta.

Ta huɗu, ko doka ma ba lalle ta kama ni ba. A Faransa, wadda dokokinmu na hulɗa tsakanin jama'a suka samo tushe daga nata, an yi wata shari'a da ɗaliban lauya suka sani da shari'ar Baldus. Wata mata ta sayar wa wani mutum tsofaffin hotuna da yawa, kowane ɗaya faran 1,000, ba ta san cewa wanda ya ɗauke su, Baldus, shahararren mai ɗaukar hoto ne na ƙarni na 19 ba. Mai sayen kuwa ya sani sarai, ya yi shiru. A ranar 3 ga Mayun 2000 kotun ƙoli ta ƙasar ta yanke cewa ba wajibi ba ne mai saye ya sanar da mai sayarwa darajar kayansa. Da aka yi wa dokar kwangila garambawul a 2016, an rubuta cewa wajibcin sanar da abokin ciniki bai shafi ƙiyasin darajar kaya ba.

Da waɗannan hujjoji na riƙa lallashin kaina. Amma duk ranar da yaron nan ya wuce ta ƙofar shagona ya durƙusa ya gaishe ni, sai in ji na kasa haɗa ido da shi. Wannan ya sa na fara zargin cewa akwai abin da hujjojin suka tsallake.

Muhawarar tsohuwa ce ƙwarai. Sisero, ɗan siyasa kuma masanin falsafa na Rum, ya kawo ta a littafin da ya rubuta wa ɗansa a kan wajibai, shekara 44 kafin haihuwar Annabi Isa. Ya ba da misalin wani falke da ya ɗauko hatsi a jirgin ruwa daga Iskandariya zuwa tsibirin Rodos, inda ake yunwa hatsi ya yi tsada. Falken ya san akwai wasu jirage cike da hatsi a bayansa, mutanen gari ba su sani ba. Ya faɗa musu, ko ya yi shiru ya sayar da tsada? Sisero ya kawo ra'ayin malamai biyu, malami da almajirinsa. Diyojinis na Babila na ganin muddin falken bai yi ƙarya ba, kuma bai ɓoye aibin kayansa ba, yana da damar neman farashi mafi kyau, domin yin shiru daban, ɓoyewa daban. Almajirinsa Antifata na Tarsus ya ƙi yarda: a ganinsa akwai zumuncin da ya ɗaure ɗan Adam da ɗan'uwansa, bai kamata a bar abokin ciniki cikin duhun abin da ya shafe shi ba. Sisero bayan almajirin ya bi. Ƙarni goma sha uku bayan haka, Toma Akwinas ya sake duba irin wannan misali, ya ce falken bai saɓa wa adalci ba idan ya sayar a farashin ranar, sai dai da ya faɗa da ya fi nagarta.

A misalin Rodos mai sayarwa ne ke da sani, a nawa mai saye ne, amma matsalar guda ce. Na daɗe ina auna kaina da falken nan, wata rana in bi Diyojinis, wata rana in bi Antifata. Daga baya na lura misalin bai yi daidai da ni ba ta fuska biyu. Falken baƙo ne, zai sauke kaya ya ja jirginsa, mutanen Rodos ba su ɗauke shi aminin kowa ba. Sannan ciniki suka yi da shi, ya sa suna suka taya, kowa na tsaron aljihunsa. Hajiya kuwa ba ta zo ciniki ba. Ba ta sa wa kayanta suna ba, ba ta jira tayi ba. Cewa ta yi ba ta san kansu ba, in duba in ba su abin da ya dace.

Malaman fiƙihun Malikiyya sun daɗe da rarrabe waɗannan biyun. Akwai cinikin da ake taye-taye, kowa ya yi amfani da wayonsa. A nan idan an ƙware ka, galibi kai ka so. Akwai kuma cinikin da suke kira na istirsali, inda mutum zai miƙa wuya ya ce shi bai san farashi ba, a saya masa ko a sayar masa yadda ake yi wa mutane. A wannan na biyun, idan aka ƙware shi yana da damar warware cinikin. Daga wannan tushe ne kuma aka hana tarye fatake a bayan gari a saye kayansu kafin su iso kasuwa su ji farashi, hanin da garin ayari irin Damagaram bai kamata ya zama baƙo gare shi ba. Abin da ake karewa a duka biyun shi ne mutumin da ba shi da hanyar sanin farashi sai ta bakin wanda ke son saye daga gare shi.

A nan ne sana'armu ta bambanta da ta mai sayar da sabon littafi. Sabon littafi yana da farashin da aka sani. A Faransa ma doka ce tun 1981: mawallafi ke yanke farashi, kanti ba ya rage fiye da kashi 5 cikin ɗari. Amma dokar ba ta shafi tsohon littafi ba, domin tsohon littafi ba shi da farashi sai wanda ke cikin kan mai saninsa. A babban birni mutum na iya zagaya kantuna uku ko huɗu ya ji bakin kowa. A unguwa irin tamu, idan Hajiya na son sanin darajar littattafan mijinta, wa za ta tambaya? Ni ɗin dai. Saboda haka a ranar nan aiki biyu nake riƙe da su lokaci guda: ni ne mai ƙiyasi, ni ne kuma mai saye. Ta zo wajen mai ƙiyasi, sai mai saye ya ba ta amsa, ita kuwa ba ta san an yi musanya ba. Laifina ke nan. Kalmomin bakina gaskiya ne, amma na bar ta tana zaton jaka ashirin ɗin nan hukuncin masani ne, alhali tayin ɗan kasuwa ne.

Kuma amincewar da ta yi da ni ba daga sama ta faɗo ba. Shagon unguwa a kan irin wannan amincewa yake tsaye. Ina da littafin bashi da sunayen gidaje kusan arba'in a ciki, ba takardar shaida ko ɗaya. A watan Oktoba yara kan kawo littafin bara su karɓi na bana su yi ɗan ciko. Matan aure kan aiko ƙannensu su karɓi hayar littattafan hikaya na Kano, dala goma a kwana biyu. Akwai wani littafin kimiyya da ya dawo hannuna sau huɗu, a shafin farko sunaye huɗu an soke uku, duka ƴan unguwa ɗaya. Gidajen da nake sayar wa su ne gidajen da nake saye daga gare su. Idan aka duba da kyau, kayan shagona littattafan unguwa ne ke zagayawa, ni kuwa ana biya na ladan tsaro da gyara da sanin inda kowane ya dace. Mutumin da ya shekara goma yana cin moriyar wannan amincewa ba zai wayi gari rana ɗaya ya ce shi falken Rodos ne ba, don kawai ya ga abin da ya fi ƙarfin idonsa a ƙasan adaka.

To, shin wannan na nufin sanina ba shi da lada? Ko kusa. Hujjojin nan huɗu da na kawo ba su mutu ba, sai dai suna amsa wata tambaya ce daban: nawa ne rabona? Rabona kuwa yana da yawa, domin ni na gane littafin, ni na san wanda zai saya, ni zan jira wata biyar, ni zan ɗauki asara idan bai fita ba. Da na ce mata, "Hajiya, wannan ɗaya ya fi sauran duka daraja, zai iya kai jaka ɗari ko fiye, amma sai an jira. In kina son kuɗi yau, ga jaka arba'in. In za ki jira, in sayar miki in ɗauki la'ada," ta kuma zaɓi arba'in ɗin saboda buɗe makaranta, da na ci ribar jaka tamanin da zuciya ɗaya. Yawan ribar ba shi ne matsala ba. Ma'aunin da nake amfani da shi yanzu shi ne in tambayi kaina: idan na faɗi lissafina da ƙarfi a gaban mai kayan, cinikin zai tsaya? Akwai ribar da ko an bayyana ta tana nan daram, domin ladan aiki ce da jira da kasada. Akwai kuma wadda da zarar an bayyana ta sai ta watse, domin rashin sanin wani kaɗai ke riƙe da ita. Tawa ta ranar Alhamis ɗin nan ta biyun ce.

Wannan ma'auni yana da iyaka, kuma ya kamata in faɗe ta. Idan na je Kano ko Yamai sari, na iske ɗan'uwana ɗan kasuwa ya sa wa littafi suna ƙasa da darajarsa, ba na yi masa wa'azi. Shi ma sana'arsa ke nan, ya sa suna na taya ya sallama, gobe shi ma zai yi mini haka a shagona. Haka idan mai gyaɗa ya sayi tarin takardu don ƙunshi, na hango littafin kirki a ciki, ya ce in ba shi dala ashirin. Bai nemi ƙiyasina ba, shi ya yanke kuɗin takardarsa. Nakan ƙara masa wani abu, amma ina ɗaukar wannan kyautatawa, irin wadda Akwinas ya ce ta fi nagarta ba tare da ta zama dole ba. Nauyin yana ƙaruwa ne gwargwadon yadda mutum ya dogara da kai, da gwargwadon yadda ba shi da wata ƙofar da zai buga. Gwauruwa mai riƙe da maraya, wadda ta ce maka ba ta sani ba, tana can ƙarshen ma'aunin inda nauyi ya fi yawa.

Wasu abokaina kan taƙaita maganar su ce ai gaskiya ma riba ce, wanda ya riƙe amana kasuwarsa za ta buɗe. Ba na son in jingina hujjata ga wannan, domin abin da na gani bai nuna haka kullum ba. Ga yadda tawa ta kaya. Bayan na karɓi kuɗin Yamai da kwana tara, na ɗauki jaka sittin na tafi gidan marigayin. Aka yi mini iso zaure, na iske ƙanensa. Na yi bayani tun daga farko, ban rage komai ba. Hajiya daga bayan ƙofa ta ce, "Allah ya yi albarka, Malam." Ƙanen marigayin kuwa ya dube ni ya ce, "To, Malam, sauran fa? A cikinsu babu wani irin wannan?" Na ce babu. Ya ce in kawo jerin sunayensu. Ba ni da jeri, domin ban rubuta ba, wasu ma sun riga sun fita. A wurin ne kuma na ji abin da ban taɓa tambaya ba: ashe ba a raba gadon ba lokacin da aka kawo adakar, kuma marigayin yana da ƴaƴa mata biyu da uwargidansa da ta riga shi rasuwa. Shirun da na yi ya taɓa haƙƙin mutanen da ban taɓa gani ba.

Har yau dattijon nan sama-sama yake amsa gaisuwata. A unguwa wasu sun ce na kyauta, wasu sun ce wanda ya ɓoye ɗaya ya ɓoye goma. Bayan labarin ya bazu, sai kowa ya ɗauka tsohon littafin da ke ƙarƙashin gadonsa dukiya ne. An sha kawo mini yagaggen littafin aji uku ana neman jaka goma, idan na ce bai kai ba a fita ana gunaguni. Wani kuma ya kawo littattafan kakansa, na zauna na yi masa ƙiyasi tsakani da Allah, ya yi godiya ya kwashe kayansa ya kai wa wani a Yamai. Idan lissafin aljihu za a bi, shirun ya fi riba. Wanda zai faɗi gaskiya a irin wannan wuri ya shirya yin asara wani lokaci, kada ya yi don jiran sakayya daga kasuwa. Dalilin yin sa shi ne an ba ka amanar idonka, kuma ka karɓa.

Abin da ya sauya shi ne yadda nake aiki. Yanzu idan aka kawo kayan mamaci, tambayata ta farko ita ce ko an raba gado, kuma da yawun wa aka kawo. Sannan a gaban mai kayan nake kasa su kashi uku: waɗanda ba za su fita ba, waɗanda za su fita a farashin yau da kullum, da wanda ya fita daban idan akwai shi. Na ukun nakan faɗi abin da nake zaton zai kai, in ba da zaɓi tsakanin kuɗi hannu da la'ada, in kuma ce a je a tambayi wani idan ana so. Ina rubuta jeri kwafi biyu. Wasiƙu da hotuna da takardun fili da nakan tsinta a tsakanin shafuka ina mayar wa masu su. Rubutun hannu na Larabci ko ajami kuwa ba na saye ko kaɗan. Nakan shawarci iyalin su adana abinsu, ko su nemi shawarar sashen tsofaffin rubuce-rubuce na cibiyar IRSH da ke Yamai, wanda aka gina bisa tarin da Boubou Hama ya fara. Ko na yi niyyar adalci, irin waɗannan takardu ba ni da ma'aunin da zan auna su.

Duk wannan bai dawo da ƙamusun ba. Da na faɗi gaskiya a ranar, wataƙila Hajiya ta ce a bar wa yaron abin tunawa da ubansa, tunda mutum ba ya naɗe littafi cikin atamfa sai yana ji da shi. Wannan zaɓin na ƙwace mata, kuma jaka sittin ba ta biya shi ba.

Yaron yana lise yanzu. Yakan zo bayan la'asar ya zauna a bencin da mahaifinsa ke zama. Magana Jari Ce ɗin nan marar bango ban sayar ba. Na ɗinke shi da zare, na yi masa bangon kwali na ba shi. A shafin farko akwai sunan marigayin da jan biro, da shekarar da ya saya a Kano. Rannan ya tambaye ni wane irin littafi ne wancan mai nauyi da babansa ke hana su taɓawa. Na faɗa masa sunansa, da shekarar da aka buga shi, da nawa na saya, da nawa na sayar. Ya yi shiru, can ya ce idan ya fara aiki zai nemi irinsa. Na ce masa in Allah ya kawo wani hannuna, shi zan fara kira, kuma a kuɗin da na saya zan ba shi.